Sabuntawar Windows 11 ta Oktoba da Nuwamba 2025: me aka gyara, me ya lalace, wacce za a saka?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce ga masana. Kwamfutocin wata cibiyar koyon kwamfuta ne, duk Windows 11 samfurin 24H2 ke kansu, an dakatar musu da sabuntawa tun tsakiyar Oktoba saboda labarin da ya bazu cewa sabuntawar Oktoba mai lamba KB5066835 na kashe kibod. Makonni 5 ɗin da Windows ke bayarwa na dakatarwa sun kusa cika, ga ta Nuwamba kuma ta fito. A sake su su sauke ko a nemi hanyar ƙara jinkiri? In kuma za a saka ta Nuwamba, dole sai an bi ta kan ta Oktoba?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam Malam. A sake su. Ba sai an bi ta kan ta Oktoba ba, domin sabuntawar wata-wata tarawa take yi, ta baya-bayan nan tana ɗauke da duk gyaran da ya gabace ta. Lambobi huɗu ne mutane ke cakuɗawa, gara a raba su tun yanzu.

KB5066835 ita ce ta tsaro ta 14 ga Oktoba, tana kai kwamfuta gini (build, wato lambar matakin da Windows take) na 26100.6899. Ita ce mai matsalar.
KB5070773 ta gaggawa ce, ta fito 20 ga Oktoba don gyara waccan matsalar, gini na 26100.6901.
KB5067036 ta zaɓi ce, ta 28 ga Oktoba, gini na 26100.7019. Ta kawo sabbin abubuwa, ta kuma zo da nata aibin.
KB5068861 ita ce ta tsaro ta 11 ga Nuwamba, gini na 26100.7171. A Nuwamba 2025, wannan za ku samu in kun saki.

Mai 25H2 lambobin KB ɗin ɗaya ne da naku, sai dai gininsa da 26200 yake farawa. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta winver, za a ga inda kwamfuta take.

Maman Ummi:
Injiniya, ka fayyace masa maganar kibod ɗin, don yadda aka yaɗa ta ba haka take ba. A cikin Windows kibod da linzami lafiyarsu ƙalau bayan ta Oktoba. Inda suke mutuwa shi ne WinRE, wato allon ceto mai launin shuɗi da ake shiga in an riƙe Shift aka danna Restart, inda ake samun Startup Repair da Reset this PC da cire sabuntawa. WinRE ƙaramar Windows ce mai zaman kanta, tana cikin fayil ɗin winre.wim a wani ɗan yanki na diski da ba ya bayyana a File Explorer, da nata direbobin. Sabuntawar ta taɓa wannan fayil ɗin, sai duk abin da aka jona ta USB ya daina amsawa a can. Za ka ga zaɓuɓɓukan a gabanka, amma babu abin da za ka zaɓa da shi.

Abin da ya sa na ɗauki wannan da muhimmanci: tayar safaya ce, ba ka sanin ta sace sai ranar da ka buƙace ta a hanya.

Abban Khalifa:
To in babu wanda ke shiga wannan allon, ai babu damuwa ke nan?

Maman Ummi:
Ba sai mutum ya shiga da kansa ba, Malam. Windows na kai kanta can idan ta kasa tashi sau 2 a jere, ko ta mutu ba zato sau 2 a jere cikin minti 2 da gama tashi. Ka duba yanayinmu: kwamfutar tebur ba UPS, an kawo wuta, yaro ya kunna, an ɗauke, an tayar da janareta, ya sake kunnawa, an sauya layi ta sake mutuwa. Karo na uku a WinRE za ta tsaya. Kwamfutocin tebur kuwa kusan duk kibod ɗin USB suke amfani da shi. Yawancin laftof sun tsira domin kibod ɗin jikinsu ba ta USB yake magana da uwar allo (motherboard) ba.

Injiniya Bala:
Ga wanda ya riga ya maƙale a can da ta Oktoba, hanyoyin fita kaɗan ne. In bayan kwamfutar akwai tsohuwar kafar PS/2, zagayayyar nan mai launin shunayya ko kore, a kashe kwamfutar, a jona kibod ɗin PS/2, sannan a kunna. Ba a jona shi tana kunne, ba za ta gan shi ba. In allon na taɓawa ne, a yi amfani da kibod ɗin kan allo. In babu ko ɗaya, sai filash: ko filash ɗin ceto da aka haɗa tun kafin matsalar, ko filash ɗin saka Windows. A tashi daga kansa, a wuce allon zaɓen harshe, a zaɓi gyaran kwamfuta maimakon sakawa. Kayan ceton da ke kan filash ba su dogara da winre.wim na kan diski ba, don haka USB na aiki.

Da zarar an samu shiga Windows, a saka ta Nuwamba, sannan a gwada. A buɗe Command Prompt da ikon admin a rubuta:

reagentc /info

Ya nuna Enabled. Sai a riƙe Shift a danna Restart, a motsa linzami, a danna kibiyoyin kibod. In sun amsa, a zaɓi Continue a dawo. Gwajin bai kai minti 3 ba, kuma shi kaɗai ke tabbatar da cewa gyaran ya isa yankin ceto, don wani lokacin Windows na sabuntuwa amma winre.wim ya ƙi, musamman in yankin ya cika.

Ɗan Damagaram:
Ni ra'ayina daban ne. Wannan watan ya nuna cewa masu dakatarwa su ne da gaskiya. Sabuntawa ɗaya ta lalata allon ceto, ta lalata localhost (adireshin da kwamfuta ke kiran kanta da shi), ta hana ganin fayil a gefen File Explorer, wasu ta jefa su allon neman mabuɗin BitLocker, wato makullin diski na Windows. Kwamfutar da ke aiki lafiya me ya kai mutum taɓa ta? A kashe sabis ɗin Windows Update a huta, in shekara ta zagayo a sake sakawa daga sabon ISO, wato fayil ɗin saka Windows.

Hajiya Rabi:
Ɗan'uwa, wannan shawarar kam ba zan bari ta wuce ba. Cikin ɓarakar da ta Oktoba ta toshe akwai waɗanda masu kutse suka riga suka fara amfani da su kafin facin ya fito. Ɗaya ita ce mai lambar rajista CVE-2025-59230, a sabis ɗin Remote Access Connection Manager. Ɗayar CVE-2025-24990, a wani tsohon direban modem na Agere mai suna ltmdm64.sys, wanda ke zuwa cikin Windows ko kana da modem ko ba ka da shi. Wannan direban ma ba gyara shi aka yi ba, cire shi aka yi ɗungurungum, shi ya sa tsofaffin modem ɗin fakis da suka dogara da shi suka daina aiki. Ta Nuwamba kuma ta toshe CVE-2025-62215 a cikin ƙwaryar Windows kanta (kernel), ita ma an riga an fara cin moriyarta.

Dukkansu ukun aikinsu ɗaya: wanda ya samu shiga da ƙaramin asusu ya ɗaga kansa zuwa matakin admin, ko ma SYSTEM, matakin da ya fi na admin. Za ka ce ai sai ya fara shiga tukuna. To a cibiyar koyo shigar ita ce abu mafi sauƙi. Ɗalibai na ta jona filash, ana sauke manhajar sata, ana buɗe duk abin da aka turo ta WhatsApp. Kariyar da mai cibiya ya dogara da ita ita ce ya ba ɗalibai asusu marar iko, waɗannan ɓarakar kuma daidai wannan kariyar suke rushewa. Bayan faci ya fito lamarin ƙaruwa yake, domin ana kwatanta tsohon fayil da sabo a gano inda ramin yake.

Ɗan Damagaram:
Na ji, Hajiya. Amma kin yarda cewa wanda ya saka a daren farko shi ya sha wahala.

Hajiya Rabi:
Na yarda, shi ya sa ban ce kowa ya saka a daren farko ba. Tsakanin daren farko da shekara guda akwai fili. Sabuntawar tsaro na fitowa Talata ta biyu a kowane wata, ƙarfe 10 na safe agogon yammacin Amurka, wato ƙarfe 6 na yamma a Najeriya da Nijar, ko 7 daga Nuwamba zuwa farkon Maris in sun mayar da agogonsu baya. Tsarin da ya dace da wuri mai kwamfutoci da yawa shi ne a ware 1 ko 2 daga kowane samfuri, su karɓa a ranar Laraba. A gwada firinta, da manhajar da ake cin abinci da ita, da sauti, da Wi-Fi, da WinRE. Sauran a dakatar da su mako 1. A buɗe shafin Windows release health na Microsoft, nan suke rubuta matsalolin da suka amsa da matsayin gyaransu. In mako ya cika babu abin da ya shafe ku, a saki.

Ka auna da Oktoba: ta fito 14, gyaran gaggawa ya fito 20. Kwana 6. Wanda ya dakatar na mako 1 ya saki, gyararriyar zai tarar. Wanda ya kai makonni 5 bai ƙaru da komai ba sai ƙarin wata guda da ƙofa a buɗe.

Masu Windows Pro suna da wata hanyar jinkirtawa a gpedit.msc, wato wurin saita Group Policy, ƙarƙashin Windows Components, Windows Update, Manage updates offered from Windows Update, sai Select when Quality Updates are received. Tana karɓar jinkiri har kwana 30. Home ba ta da gpedit, dakatarwar hannu ce kawai.

Mu'azzam Dev:
Bari in ɗauki maganar localhost tunda an ambata. Matsalar a HTTP.sys take, direban da ke karɓar buƙatun yanar gizo a cikin Windows. Haɗin HTTP/2 zuwa 127.0.0.1 ne ke yankewa, burauza ta nuna ERR_CONNECTION_RESET ko ERR_HTTP2_PROTOCOL_ERROR. Wanda abin ya shafa shi ne mai amfani da IIS (sabar yanar gizo ta Microsoft), ko IIS Express a Visual Studio, ko wata manhajar da ke kafa ƙaramar sabar a kan HTTP.sys don magana da burauza. Masu XAMPP da Node ba su shiga ciki ba, domin Apache da Node da kansu suke buɗe kafarsu, ba sa bi ta wannan direban. Don haka in XAMPP ɗinka ya ƙi tashi, ka duba ko wani abu ya riƙe kafa ta 80:

netstat -ano | findstr :80

Maganin wucin gadi da aka yi ta yaɗawa shi ne kashe HTTP/2 a rijistiri, a HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\HTTP\Parameters, a ƙirƙiri EnableHttp2Tls da EnableHttp2Cleartext a ba su 0. Ya yi aiki. Amma duk wanda ya yi haka, don Allah ya koma ya goge su biyun bayan ya saka ta Nuwamba, ya sake kunna kwamfuta. In ba haka ba zai ci gaba da gwada shafinsa a kan HTTP/1.1 alhali sabar gaske tana kan HTTP/2, wata rana ya rasa dalilin da ya sa sakamako ya bambanta.

Microsoft ta warware wannan ta hanyar da suke kira Known Issue Rollback. Sabbin canje-canjen da ba na tsaro ba suna zuwa da makunni, tsohuwar hanyar na nan a ajiye. In canjin ya ɓaci sai su kashe makunnin daga nesa, ba tare da an cire sabuntawar ba. Abin da kwamfuta ke buƙata shi ne intanet, a danna Check for updates, a sake kunnawa ko da bai nuna ya sauke komai ba. Kwamfutocin ofis da ake juyawa da Group Policy su ba sa karɓa da kansu, sai admin ya sauke fayil ɗin manufar ya tura musu.

Maman Ummi:
Na File Explorer kuma ba kuskure ba ne, da gangan aka yi, kuma ta Nuwamba ba ta mayar da shi ba. Duk fayil ɗin da aka sauke daga intanet Windows na manna masa wata alama a ɓoye mai nuna daga waje ya zo. Daga 14 ga Oktoba, gefen nan da ke nuna abin da ke cikin fayil kafin a buɗe shi ya daina nuna masu wannan alamar, sai gargaɗi. Dalili: ana iya dasa mahaɗi cikin fayil da zai sa kwamfuta ta nemi wani abu daga sabar mai kutse, a garin nema ta miƙa masa hash ɗin NTLM na kalmar sirrinka, wato ɓoyayyen sawunta da mai kutse zai iya amfani da shi. Danna fayil ɗin sau ɗaya ya isa, ba sai an buɗe ba.

Masu shagon buga takardu su ne za su fi jin wannan, tunda yini suke duba PDF ɗin kwastoma. In an amince da fayil, a danna dama, Properties, a sa alama a Unblock. In folda guda ce, a PowerShell:

Get-ChildItem "C:\Aiki" -Recurse | Unblock-File

Wani lokacin sai an fita daga asusu an dawo kafin ya nuna. Amma kada a yi wa foldar Downloads gaba ɗaya haka. Wannan alamar ce dai ke sa Word ya buɗe takarda a Protected View, ita ke hana makro na takardun waje tashi. In ka cire ta daga komai ka kwance kariya biyu don ka samu sauƙi ɗaya.

Abban Khalifa:
Allah ya saka. BitLocker ɗin fa? Mu ba mu taɓa kunna shi ba.

Injiniya Bala:
A nan ne mutane da yawa ke faɗawa, Malam, don ba sai ka kunna ba. Daga 24H2, in an saka Windows sabuwa fil aka shiga da asusun Microsoft, rufe diski na iya kunna kansa, har a Home. Ka duba kowace kwamfuta:

manage-bde -status

In ka ga Protection On, diskin a rufe yake. Sai ka fitar da mabuɗin:

manage-bde -protectors -get C:

Za ka ga lamba 48 a rukuni 8, kowane rukuni lamba 6. Ka rubuta ta a takarda tare da farkon lambar ID ɗinta da sunan kwamfutar, ka ajiye a wani wuri daban. Tana kuma nan a account.microsoft.com/devices/recoverykey, amma a asusun da aka fara shiga da shi. Matsalar ita ce sau da yawa mai gyara ko mai sayarwa ne ya saka Windows da nasa asusun, mai kwamfuta bai ma sani ba. In allon ya fito babu mabuɗi, babu wanda zai iya buɗe diskin, har Microsoft ɗin. Sai dai a goge a sake.

Abin da ya faru bayan ta Oktoba shi ne wasu kwamfutoci, galibi masu Intel da ke da Modern Standby, sun nemi mabuɗin sau ɗaya a lokacin sake kunnawa. In an shigar, sai su wuce, ba sa sake tambaya. Don sanin ko taka na cikin irinsu, ka rubuta powercfg /a, in ka ga S0 Low Power Idle cikin waɗanda ke aiki, to ita ce. Rigakafin mai sauƙi ne, kafin sabuntawa:

manage-bde -protectors -disable C: -RebootCount 2

Wannan ba ya kwance rufin diskin, yana jingine tambayar ne na sake kunnawa 2, sannan kariyar ta dawo da kanta. Haka ake yi kafin sabunta BIOS ma.

Ɗan Damagaram:
To ku faɗi alherin da aka samu mana, ban da toshe ramuka.

Mu'azzam Dev:
Akwai. Wanda ya fi amfani a wurina shi ne gyaran Update and shut down. An daɗe ana kuka da shi: ka zaɓi ta sabunta ta mutu, sai ta sabunta ta sake tashi ta tsaya a allon shiga. Mai laftof ya rufe ya sa a jaka, da safe batir ya ƙare, jakar ta yi zafi. Gyaran ya fara zuwa a KB5067036, ya shigo ta Nuwamba. An kuma gyara abin da ke sa wasu sabuntawa faɗuwa da kuskuren 0x800f0983.

Alamar batir ta samu launi: kore in tana caji, ruwan ɗorawa in ya sauka 20 cikin 100 ko ƙasa, ja in ya kusa mutuwa. Ana kuma iya nuna adadin a kan taskbar daga Settings, System, Power & battery. Sai sabon Start, wanda ya haɗe komai a shafi ɗaya da ake gangarawa, manhajoji a jere bisa rukuni ko bisa haruffa. Waɗannan a hankali ake sakin su, kwamfutoci biyu masu gini ɗaya za ka ga ɗaya ta samu ɗaya ba ta samu ba. Ba lalacewa ba ce, kada a goge Windows a kai, kada kuma a tilasta su da ViVeTool, manhajar kunna ɓoyayyun abubuwan Windows, a kwamfutar aiki.

Hajiya Rabi:
Amma ka faɗi ɗaya gefen na KB5067036, don shi ne hujjar da ta sa nake hana sabuntawar zaɓi a kwamfutar aiki. Bayan an saka ta, in ka rufe Task Manager da X, tagar ce kawai ke ɓacewa, shi yana nan a baya. Ka sake buɗewa, wani sabo ya tashi. Kowanne na riƙe da nasa RAM yana kuma ci gaba da auna kwamfutar. Mai giga 4 da ke yawan buɗe shi don ya ga me ke cinye masa ƙarfi, shi da kansa yake ƙara nauyin. Mai wannan ginin na 7019 ya share su da:

taskkill /im taskmgr.exe /f

Ta Nuwamba ta gyara shi. Wanda bai taɓa ta zaɓin ba ya samu sabbin abubuwan bayan mako 2 ba tare da ya ga wannan aibin ba ko sau ɗaya. Sabuntawar ƙarshen wata, wadda ke da Preview a sunanta, ba ta ɗauke da sabon facin tsaro, gwajin abin da zai zo wata mai zuwa ce. A shafin Windows Update akwai makunnin Get the latest updates as soon as they're available. A kwamfutar da ake neman abinci da ita a bar shi a kashe. Sai in akwai takamaiman ciwon da ke damunka kuma ka karanta cewa ita ta gyara shi.

Masu wasanni da katin Nvidia da suka ga gudu ya ragu bayan ta Oktoba, Nvidia ta fitar da direban gaggawa mai lamba 581.94 a kan haka.

Abban Khalifa:
Saura maganar data. In kowace kwamfuta za ta sauke nata, kuɗin zai yi yawa. Ba za a sauke sau ɗaya a raba da filash ba?

Injiniya Bala:
Za a iya, amma a san lissafin. Fayil ɗin .msu na 24H2 a Microsoft Update Catalog ya kumbura a 2025, yana kaiwa wajen giga 4, domin ya haɗa har da kayan da kwamfutoci da yawa ba sa buƙata. Ta hanyar Windows Update kuwa kwamfuta abin da ta rasa kawai take ja, bai kai haka ba. Don kwamfuta 2 ko 3 filash bai da riba. In sun kai 15 ko 20 yana da ita.

In za a bi ta filash, Catalog zai nuna fayil 2: KB5068861 da KB5043080. Na biyun shi ne tushen da sabuntawar 24H2 ke ginuwa a kai tun Satumba 2024. A sauke duka, a zuba su a folda ɗaya da babu wani .msu a ciki, a nuna wa DISM, kayan aikin Windows na saka kunshi da gyara, sabon:

DISM /Online /Add-Package /PackagePath:C:\Faci\sunan-fayil-na-kb5068861.msu

Zai duba foldar da kansa, in yana buƙatar tushen ya ɗauka. A tabbata x64 aka sauke ba arm64 ba.

Hanyar da ta fi sauƙi in duk suna kan rauta ɗaya ita ce Delivery Optimization, a Advanced options. A kunna Allow downloads from other devices, a zaɓi Devices on my local network. A bar ɗaya ta gama saukewa, a bar ta a kunne, sannan a saki sauran su ja daga gare ta ta kafa ta 7680. Abubuwan da ke hana shi aiki: rautar da aka kunna wa AP isolation, wadda ke hana na'urori ganin juna, layin da aka yi wa alamar metered, laftof da ke kan batir, don ba ya rabawa sai an jona shi da wuta, da jinkiri, domin kwana 3 yake ajiye abin da ya sauke. A duba ko ya yi aiki da Get-DeliveryOptimizationStatus a PowerShell, a kalli BytesFromPeers.

Maman Ummi:
Kuma a zaɓi lokacin. Saukewa in wuta ta ɗauke ba komai, za ta ci gaba. Lokacin haɗari shi ne bayan Restart, sa'ad da take ƙirga kashi tana cewa kada a kashe. A nan take musanya fayilolin tsarin. Yawanci in ta mutu a nan tana warware abin da ta fara ta koma baya, amma ba kullum ba. Kwamfutar tebur a yi mata a kan UPS ko inbata, ko lokacin da janareta ke aiki kuma an san ba za a sauya layi ba. Laftof a jona shi, batir ya haura rabi. Mai tsohon diski mai juyawa ya yi haƙuri, tana iya tsayawa a lamba ɗaya na tsawon lokaci. Muddin fitilar diski na ƙyaftawa aiki take yi.

Kafin a fara, a haɗa filash ɗin ceto ko da guda ɗaya. A rubuta recoverydrive a Start, a ba shi filash mai giga 16 ko sama, zai goge duk abin da ke kai.

Ɗan Damagaram:
Mako ɗayan na karɓa. To in an saka ta ƙi shiga fa? Ta kai wani kashi ta ce Undoing changes, gobe ta sake saukewa, data na tafiya.

Injiniya Bala:
Kada a bar ta tana maimaitawa, a dakatar a duba lambar kuskuren a Update history. In 0x800f0922 ce, a fara duba ko ƙaramin yankin EFI ko na ceto ya cika, a kuma cire VPN. In 0x800f081f ce, ma'ajiyar sassan Windows ce ta rasa wani fayil, abin da ya yi yawa a kwamfutocin da aka saka wa Windows ɗin da aka rage wa kaya, ko aka bi da manhajar share-share. A bi wannan jerin, kada a juya shi:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth
sfc /scannow

DISM ne ke gyara ma'ajiyar, sfc kuma daga ma'ajiyar yake ɗauko lafiyayyun fayiloli, don haka in an fara da sfc daga gurɓataccen wuri zai ɗebo. DISM kan daɗe a wajen kashi 62, a ƙyale shi.

In duk da haka ta ƙi, a je Settings, System, Recovery, a zaɓi Fix problems using Windows Update, a danna Reinstall now. Zai sake shimfiɗa Windows iri ɗaya a kan wadda ke nan, fayiloli da manhajoji da saituna ba sa taɓuwa. Yana cin data da yawa kuma yana son fili a diski, don haka a yi shi sau ɗaya a kan layi mai kyau.

Cire sabuntawar da ta riga ta shiga kuma, wusa /uninstall ba ya aiki a kan waɗannan, domin an haɗe su da sabuntawar injin sakawa wanda ba ya ciruwa. A bi ta Update history, Uninstall updates, ko a nemo sunan kunshin da DISM /Online /Get-Packages, wanda ke da RollupFix a sunansa, a cire shi da /Remove-Package. Bayan an cire a dakatar da sabuntawa nan take, in ba haka ba da daddare za ta dawo.

Hajiya Rabi:
Malam Abban Khalifa, ka duba winver ɗin kowacce kafin ka saki, kada ka ɗauka duk 24H2 ne. In akwai mai 23H2 Home ko Pro a cikinsu, ta 11 ga Nuwamba 2025 ita ce ta ƙarshe da ta samu, sai an ɗaga ta. 24H2 Home da Pro suna da tallafi har 13 ga Oktoba 2026. Hawa 25H2 daga 24H2 ɗan ƙaramin kunshi ne, KB5054156, sake kunnawa ɗaya, domin kayan sun riga sun sauka a kwance suke. Amma daga 23H2 cikakkiyar sauyawa ce mai cin giga da yawa, kuma tsofaffin kwamfutoci irin Core 2 Duo da aka tsallake musu sharuɗɗan Windows 11 da manhajar Rufus ba za su tashi da 24H2 ba sam, saboda tana buƙatar wata fasaha mai suna SSE4.2 a furosesa. Irin waɗannan a ware su gefe tun yanzu, kada a gwada a kansu ana tsakiyar zangon karatu.